Fad Ɗin Birki Na 'Yan Tsere: Abin Da Ya Kamata Matasanmu Su Sani Kafin Su Saya

A 'yan shekarun nan duk wanda ke lura da al'amuran matasa a zangunanmu, kama daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Akra har zuwa Ashaiman da Aboabo ta Kumasi, zai ga cewa irin motocin da samarinmu ke hawa sun canza. Inda a da saurayi ke fara rayuwa da tsohuwar Opel ko Tico ta haya, yanzu sai ka ga wanda Allah Ya buɗa wa ya fito da mota mai ƙarfin inji daga tashar jiragen ruwa ta Tema, wata daga Amurka, wata daga Jamus. To ita mota mai gudu kuwa hirarta ba ta ƙarewa a majalisa, kuma daga maganar taya da salansa yanzu hirar ta kai ga birki. Wani zai ce ya aika wa ɗan'uwansa da ke Landan ko Bronx ya sayo masa fad irin na 'yan tsere, wani kuma ya ce shi a Abossey Okai ya samo nasa, har an rubuta a jikin kwalin cewa na filin tsere ne. Dukkansu lissafinsu ɗaya ne, wato tun da 'yan tseren motoci sun fi kowa gudu, ai birkinsu shi ne gaba da na kowa.

Wannan lissafi ne ya sa na ga ya dace a yi bayani, domin kuskure ne da ke iya cin rai, kuma sau da yawa ba ran mai motar yake ci ba, sai na ɗan makarantar da zai tsallaka titi da sassafe. A shekarar 2023 kaɗai sama da mutum 2,000 ne suka rasu a kan hanyoyin Ghana, kamar yadda alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa suka nuna.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san aikin da birki ke yi. Fad shi ne ɓangaren nan guda biyu da ke cikin kalifa, waɗanda idan direba ya taka birki man birki zai turo su su matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Duk gudun da motar ke ɗauke da shi, wannan matsi ne ke mayar da shi zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 2, kuma cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu duk wannan zafi zai shiga cikin faifai da fad. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin da kuma nisan da motar za ta ci kafin ta tsaya sau huɗu suke ninkuwa. Motar zamani mai tayoyi masu kyau takan tsaya cikin mita 35 zuwa 40 daga gudun 100 a kan busasshiyar kwalta, amma daga gudun 160 sai ta ci kusan mita 100, wato kamar tsawon filin ƙwallo, ban da nisan da ta riga ta ci kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Birkin gaba ne kuma ke ɗaukar mafi yawan wannan wahala, domin nauyin mota gaba yake rinjaya idan an taka.

To a nan maganar take. Kowane fad da aka ƙera yana da iyakar zafin da yake aiki a cikinsa, akwai ƙasa akwai sama. Fad ɗin da mota ke zuwa da shi daga kamfani an yi shi ne ya kama tun daga takun farko, lokacin da motar ta kwana a ƙofar gida, ya kuma yi aikinsa ba ƙara. Amma idan aka matsa masa ya wuce digiri 300 zuwa 400 sai ƙaron da ya haɗa sinadaransa ya fara ƙonewa, kamunsa ya ragu. Shi kuwa fad ɗin tsere na gaskiya akasin haka aka yi shi. Zai jure zafin digiri 600 ko 700 har faifai ya yi ja, amma da yawansu ba sa fara kamu sosai sai sun kai wajen digiri 200. A gasar Formula 1 ma, inda faifai da fad duk na kabon ne, zafin yakan kai digiri 1,000, shi ya sa za ka ga direbobin suna ta taka birki a zagayen share fage kafin a fara tsere, suna ɗumama shi ne.

Kada wani ya ce ai ƙasarmu zafi gare ta. Zafin rana na digiri 30 ko 35 da muke kuka da shi, a wurin fad ɗin tsere sanyi ne ƙarara. Wanda ya fito daga lungu a Nima da ƙarfe shida na safe, ya shiga cunkoson torotoro da masu talla da 'yan makaranta, birkinsa ba zai taɓa kai wannan zafi ba ko da zai yini yana yawo a gari. Ke nan ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi birkin da ya fi na kamfani rauni a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, wato lokacin da yaro ya ɓullo a guje daga bayan wata mota. Ban da wannan, fad ɗin tsere idan yana aiki a sanyi gurzar faifai yake yi kamar magagari, sai ka ga faifan da ya kamata ya yi shekaru ya cinye cikin 'yan watanni. Ga ƙara mai tsinka kunne a kowace tsayawa, ga kuma baƙar ƙurar ƙarfe da ke manne wa wili, idan ruwan sama ya taɓa ta sai ta yi tsatsa ta ɓata fentin.

Ba wai ina kushe harkar tsere ba ne. Shi kansa birki mai faifai a filin tsere ya yi suna, lokacin da motar Jaguar ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a ƙasar Faransa a shekarar 1953 da birkin da kamfanin Dunlop ya haɗa mata, a zamanin da sauran motoci ke fama da birki mai ganga. Sai dai kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Su kansu kamfanonin da ke yin waɗannan kaya ba su ɓoye wannan magana ba, hawa-hawa suke jera hajarsu. Kamfanin EBC da ke Northampton a Ingila da launi yake rarrabewa: Greenstuff da Redstuff na titi ne, Yellowstuff na mai gudu a titi wanda kan leƙa filin tsere jifa-jifa, shi kuwa Orangestuff an fi yin sa don fili. Kamfanin Ferodo, wanda Herbert Frood ya kafa tun 1897, yana da DS2500 da yake cewa yana aiki daga digiri 20 har zuwa 500, sannan yana da DS3000 da DS1.11 waɗanda na gasa ne zalla. Mintex na da M1144 a mataki na farko, sai M1155 da M1166 a gaba da shi. Hawk na Amurka na da HPS don titi, sai HP Plus a tsakiya, sai DTC-60 da DTC-70 waɗanda ba a yi su don titin jama'a ba sam. Wanda ya lura zai ga a kowane gida akwai ajin tsakiya, mai kamu tun daga sanyi kuma mai jure zafi fiye da na kamfani. A ganina wannan aji shi ne iyakar abin da mai motar titi zai nema, ko da kuwa motarsa Mustang ce ko BMW. Kuma gaskiyar magana, mafi yawan masu Corolla da Elantra da Camry ko wannan ɗin ma ba su bukata, fad mai kyau irin na asali ya ishe su.

Akwai kuma ruɗanin sunaye. Za ka ji mai shago na cewa wannan seramik ne, kamar dai seramik na nufin na gudu. Fad ɗin seramik an san shi ne da rashin ƙara da ƙarancin ƙura da daɗewa, abin da ya dace da zirga-zirgar gari ke nan, amma ba shi ne gwanin jure zafi mai tsanani ba. Wanda aka cakuɗa da garin ƙarfe ya fi shi jure zafi, sai dai ya fi ƙura da ƙara da cin faifai. Wanda kuma aka haɗa da zare da roba da ƙaro shi ya fi taushi da araha, shi ne kuma ya fi saurin gajiya.

To ta yaya mai saye zai gane abin da ke hannunsa, tun da kwali ba ya rantsuwa? Akwai alamomi biyu da ya kamata a duba a jikin fad ɗin kansa. Ta farko ita ce hatimin dokar Turai da ake kira R90. Za ka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, sannan 90R da wasu lambobi a gaba. Ma'anarsa an gwada wannan fad an tabbatar kamunsa bai bambanta da na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, a sanyi da zafi, kuma dokar ta ce a sayar da shi cikin kwali a liƙe. A Turai motocin da wannan doka ta shafa ba a yarda a sayar musu da fad marar wannan hatimi don hawa titi ba, kuma fad ɗin gasa yawanci ba shi da shi, a maimakonsa sai ka ga gargaɗi a kwalin cewa na filin tsere ne kawai. Alama ta biyu ta Amurka ce, haruffa biyu a gefe ko bayan fad, kamar EE ko FF ko GG. Harafin farko ƙarfin kamu ne a zafi kaɗan, na biyu kuma a zafi mai yawa, kuma duk yadda harafi ya yi gaba haka kamun ya fi. Yawancin motocin gida FF suke zuwa da shi, masu ƙarfin inji kuma sukan zo da GG. Idan ka ga FE, wato na biyun ya koma baya, to wannan fad yana sanyin jiki idan ya ji wuta. Sai dai a sani, gwajin waɗannan haruffa bai wuce wajen digiri 340 ba, saboda haka ba ya faɗin komai game da filin tsere.

Duk wanda ya san Abossey Okai ko Suame Magazine ta Kumasi ya san a can akwai nagari akwai jabu, kuma wani lokaci a kwali iri ɗaya. Fad ɗin da aka ce na babban kamfani ne amma kuɗinsa rabin na ko'ina, rubutun jikinsa ya yi dishi-dishi, babu lambar kaya, to ka ajiye shi. Na jabu yakan ɓare daga ƙarfen bayansa idan ya yi zafi, kuma wannan ba ya ba da sanarwa. Haka nan tsofaffin fad da ake cirowa daga motocin waje, waɗanda muke kira hom-yus. A wasu kayan mota hom-yus yana da rana, amma fad ɗin da ba ka san irin wutar da ya sha a baya ba, ko ya jiƙe da mai, ba abin ɗora rai a kai ba ne.

Yanzu bari in zo ga abin da na fi so matasa su riƙe. Mutum zai dawo daga Aburi ya ce birkinsa ya ƙi a gangaren Peduase zuwa Ayi Mensah, ko kuma lokacin bikin Ista a saukowa daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, daga nan sai ya yanke hukuncin cewa fad ɗin tsere ne maganin abin. Kafin a kashe kuɗi sai a tambaye shi yadda ƙafarsa ta ji. Idan ya taka ya ji birkin da tauri kamar kullum amma motar ba ta rage gudu, ga kuma warin ƙuna, to fad ne ya gaji. Idan kuwa ya taka ya ji laushi kamar soso har ƙafar ta kai ƙasa, to ba laifin fad ba ne, man birki ne ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Man birki yana da ɗabi'ar shan danshin iska, ga shi kuma mu a bakin teku muke. Man DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 sai ya sauko wajen 155. DOT 3 daga 205 yake saukowa 140, DOT 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. Kamfanonin mota da yawa na cewa a juye man birki duk shekara biyu, amma a nan sau nawa ka ga an yi? Ƙari kawai ake yi idan ya ragu, wani lokacin ma daga gorar da ta yi wata shida a buɗe a kan benci. Wanda ya sa fad mai jure zafi a kan irin wannan mai ya ƙara wa kansa haɗari ne, domin fad ɗin zai ci gaba da tara wuta har man ya tafasa. A kula kuma, DOT 5 marar ɗigo ɗaya a gaba wani iri ne daban, na silikon, ba a haɗa shi da sauran. Sannan a gangare mai tsawo giya ce ke riƙe mota: a sauko da ita ta biyu ko ta uku, mai otomatik kuma ya sa a L ko 2, ba a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa ba.

Sai maganar taya, wadda ita ce ke taɓa ƙasa. Idan fad ɗin da ke motarka yana iya sa ABS ta fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, to ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da tayar ke iya riƙewa, kuma fad mafi tsada a duniya ba zai rage maka ko mita ɗaya a wannan tsayawa ba. Amfanin fad mai kyau yana fitowa ne a tsayawa ta biyar da ta goma a jere. Abin takaici ne ka ga saurayi ya yi odar fad daga waje amma tayoyinsa hom-yus ne da suka bushe suka tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, idan ka ga 2319 ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Ga 'yan'uwanmu da ke Ingila, waɗanda ke biyan kuɗi su shiga filaye kamar Brands Hatch ko Donington ko Silverstone a ranakun da ake buɗe wa jama'a, su lissafinsu daban ne. A can mutum zai taka birki da ƙarfi daga babban gudu sau da yawa a kowane zagaye, kuma fad ɗin gida ba ya kai minti ashirin bai yi laushi ba. Mai zuwa sau biyu ko uku a shekara ajin tsakiya ya ishe shi, tare da mai irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF, waɗanda ke wuce digiri 300 kafin su tafasa. Mai zuwa a kai a kai kuwa gara ya ajiye fad biyu, ya ɗaura na gasa a bakin fili, ya cire kafin ya kama hanyar gida. Mu kuwa a nan, dokar hanya ta shekarar 2012 ta ƙayyade gudun kilomita 50 a cikin gari, 30 a kusa da makarantu da kasuwanni, 90 a manyan hanyoyi, 100 a babbar hanyar Akra zuwa Tema. Wannan hanya mai tsawon kilomita 19 da aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah ba filin tsere ba ce, haka ma N1 da ta ratsa Lapaz, inda mutane ke tsallakawa dare da rana.

Idan an saya kuma, ɗaurawa ma aiki ce. Ana canza na dama da na hagu tare, ba a canza ɓangare ɗaya. Kada a sa mai tsananin kamu a baya a bar mai rauni a gaba, domin bayan motar zai riga gaba kullewa ta juya da kai. A ce wa fita ya duba kaurin faifai, akwai iyaka da aka buga a jikinsa bayan haruffan MIN TH, idan ya gaza haka sai a canza shi. Ya goge sandunan da kalifa ke zamewa a kai ya shafa musu giris ɗin da aka yi domin birki. Shi fad kuma idan naman jikinsa ya rage milimita 3 lokacinsa ya yi, ba sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe ba. Ina kuma roƙon iyayen gidanmu masu gareji su hana yaransu hure ƙurar birki da baki ko da injin iska. A da ana sa asbestos a cikin fad, wanda ke haddasa ciwon huhu da daji, kuma ko da yake Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, ba kowace ƙasa ce ta haramta ba. A jiƙa tsumma a goge. Kafin a motsa motar kuma a yi ta taka birki a tsaye har ya yi tauri, domin takun farko bayan canza fad wofi yake tafiya.

Abu na ƙarshe da kusan kowa ke tsallakewa shi ne zaunar da sabon fad. Fad yana kamu sosai ne bayan ya shafa wani siririn ɓawo na jikinsa a fuskar faifai, kuma sai an taimaka masa wannan ɓawo ke kwanciya daidai. Kowane kamfani na sa takardar bayani a cikin kwali, ita ce gaba. Amma abin da aka saba shi ne a nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, a kai gudun 80 zuwa 90, a taka da ƙarfi har a sauko wajen 15 ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiyar minti goma a hankali iska ta sanyaya shi. Ɗan wari da hayaƙi a wannan lokaci ba matsala ba ne. Abin gudu shi ne a tsaya a danne birki, ko a ja birkin hannu, alhali faifai na da zafi, domin fad zai bar tambarinsa a wuri ɗaya, daga nan sitiyari ya fara rawa duk lokacin da aka taka, a ce faifai ya lanƙwashe. Haka nan kada a fito daga irin wannan aiki, ko daga gangaren Aburi, a zarce kai tsaye wurin wankin mota a watsa wa faifai ruwan sanyi. A ba shi kamar rabin awa ya huce tukuna.